Sha'aibu Tela da Ƙirgar Shanu a Makarantar Waya

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki layin teloli a kasuwar Boɗinga ya san Sha'aibu. Ko bai san fuskarsa ba ya san tsakiyar hularsa, don ita ke amsa sallama; kan nan kullum a duƙe yake bisa keke. Dogo ne siriri, tef a wuya har cikin masallaci, fil biyu a gefen baki ko da ciniki yake. In ya ce maka "jibi", to ka je ka yi shuka, ka gama noman farko, sannan ka leƙo ka ji ko ya yanka yadin. Amma fa hannu gare shi. Wuyan rigar da Sha'aibu ya ɗora ba ya karkacewa, sai dai in mai rigar ne a karkace.

Ba ɗan Boɗinga ba ne, mun dai riƙe shi ne. A wata 'yar tunga aka haife shi, can bayan Shagari in ka ɗauki hanyar Horo Birni. Gidajen ba su fi goma sha biyu ba, sai gonaki da shanu da wata ƙatuwar tsamiya a bakin hanya. Ya yi boko har aji huɗu. Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri ubansa ya cire shi, ya kai shi Sifawa wurin wani tsohon tela, wanda ya shekara biyu bai bar shi ya taɓa komai ba sai maɓalli da dutsen guga. Daga can ya zo mana da tsohon keke mai ƙafa da tabarma ɗaya. Abin da ya rage masa na boko shi ne lambobin da ke jikin tef. Abin yana cin ransa, bai dai faɗa.

To, kowa ya san kunyar ɗan fari. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya wasa da shi gaban mutane, in an yabi yaron sai ya kawar da kai. Mutanen yanzu sun rage abin, wasu ma sun yar. Sha'aibu shi ya bi ya tsince duk wadda aka yar ya kai gida. Matarsa Khadija ta haifi mace, aka sa mata sunan uwarsa, Hauwa'u, ana ce mata Nana Hauwa. Kun ga abu biyu sun haɗu masa: ga 'yar fari, ga sunan uwa. Shekara bakwai ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinsa. Da aka yaye ta za a kai wa Inna Hauwa'u riƙo a tunga, kamar yadda aka saba, ya raka su tasha, ya tsaya yana duban tayar mota kamar shi zai saye ta.

In wani ya zo daga tunga sai ka ji tambaya. Ina Inna? Ina Baffa Hassan, ƙanen ubansa, wanda ke riƙe da shanun gidan tun rasuwar tsoho? Ruwa ya sauka? Ƙafar jan san nan ta warke? An gyara jinkar rumbu? Sai baƙo ya miƙe zai tafi, sannan Sha'aibu ya ciji zare, ya ce wa keke, "Sauran mutanen gida hwa?" Duk layin mun san sauran mutanen gida mutum ɗaya ne, kuma tsawonsa bai kai teburin yanka ba. Kowace Salla yakan aika da 'yar riga, wai ragowar yadi ce ta rage masa. Ragowar yadin da ya shiga mota takanas ya je Sakkwato ya zaɓo.

Shagon da ke manne da nasa na Malami mai caji ne, wanda ke sa wa mutane wayoyi a wuta, ya tura musu karatu da fina-finai, bakinsa kuwa ba ya buƙatar caji. Shi ne ya mai da Sha'aibu abin karin kumallo.

"Tela, mi na ma sunan ɗiyag ga taka? Na manta."

"Ci gaba da mantawa."

"Takarda zan cike."

"Cike da sunan ubanka."

Bara da damina malamin firamaren da ke zuwa tunga a babur ya fara tsallake ranaku, daga baya ya daina zuwa ɗungurungum. Ba wanda ya ga laifinsa. Hanyar ta fara wani irin shiru. Ana jin an kore shanu a can, an ga baƙin babura a can, an kwana a daji a can. Ba a ma kiran sunansu, sai dai a rage murya a ce "mutanen". Yaran tunga suka koma allo da safe, wasan ƙasa da rana.

Malami ne ya kawo zancen makarantar waya. Wata Malama Safiya ce a Sakkwato, tana koyar da ƙananan yara ta cikin guruf, wato zauren hira na waya. Kullum da safe ta tura bidiyo tana rubutu a farin allo, baƙaƙe da lambobi, yara su kalla a gida, su amsa da murya ko su ma su yi bidiyo, ita kuma ta sa wa wanda ya iya tauraro. Ba hanya, ba babur, ba malamin da zai fasa zuwa.

Sha'aibu ya ce, "Mi ya shahe ni?"

Kwana shida bayan nan ya sayi waya mai shafawa, ya naɗe ta a ƙyalle, ya ba direban Shagari. "Ka kai ma Inna, ta riƙa jin wa'azi." Innar da ko rediyo aka kunna sai ta ce a rage, aljanu na ji. Wayar dai ta faɗa hannun Talatu, ƙanwarsa da ke aure nan cikin tunga. Malami ya sa lambar a guruf. Don neman magana ya ƙara da lambar Sha'aibu, har ya ɗora masa hoton allon shagonsa, mai rubutun Sha'aibu Tela, Boɗinga. Ya ƙara da tasa lambar, wai shi waliyyi ne.

Tunga ba sabis sai a gindin tsamiyar nan ta bakin hanya. Can Talatu ke kai yarinyar da hantsi, su ɗauko darasi, su tura amsa. In wayar Sha'aibu ta yi ƙara sai ya tura ta ƙarƙashin tarin yadi. Shi kuwa Malami sai ya kunna tasa, ya ƙure murya. Sai ka ji wata 'yar siririyar murya ta cika layin teloli tana "a, ba, ca, da". Sai ka ji keken Sha'aibu ya yi tsit.

"Tela, zare ya tsinke?"

"Ya tsinke."

Wata biyar zaren nan yana tsinkewa kullum ƙarfe goma. Amma ko sau ɗaya bai yarda ya dubi gilashin wayar ba. "Zo ka gani, haƙoranta na gaba sun zube!" Sai ya ce yana da aiki. Kunnensa ya yi makaranta, idonsa bai yi ba.

Ana nan, gero ya fitar da kai, dawa ta wuce tsawon mutum, sai Malami ya tafi Sakkwato jinyar yayansa. Kwana tara shagonsa na kulle. Wayar Sha'aibu ta yi ta ƙara ƙarƙashin yadi, ba mai kunna masa. Yakan ɗauko ta ya riƙe, babban yatsa a sama, sai wani ya gifta, sai ya jefa ta aljihu kamar ya sato. A gida ma ba sauƙi, don Khadija ita ma 'yar farinta ce. Manya biyu su zauna, waya a tsakaninsu bisa tabarma, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fita.

Ranar Laraba da hantsi wani mutum ya yi sallama. Matsakaici ne, mai tsabta, yana ƙamshin turare, sai dai takalminsa sabo ya sha laka har idon sawu, irin lakar da ba ta cikin gari ba. Ya ajiye shadda ruwan toka, yadi biyar, ya zauna bisa benci ba a ce ya zauna ba.

"Kai na Sha'aibu tela?"

"Ni na."

"Uban yarinyag ga mai ƙirga." Ya yi murmushi. "Ashirin da uku, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Allah shi raya ma ita."

Da wani uban ne sai ya ɗaga kai ya ce, bawan Allah, ina ka san ta? Sha'aibu kuwa kunya ce ta kama shi har kunnuwa. Ga telan gefe yana ji, ga mai sayar da zare ya tsaya. Sai ya yi abin da ya shekara bakwai yana yi, ya ture ta daga jikinsa.

"A'a, ta tsohuwa ta. Tana can wurinta tunga, ni ba ruwana."

"Tungar bayan tsamiya ko? In an wuce kwalbati a yi hagu."

"Dama aka yi," in ji Sha'aibu, fil a baki. "Hagu gonaki na."

"Dama," mutumin ya maimaita a hankali, kamar mai ajiye abu a aljihu. "Na gode."

Sha'aibu ya zaro tef zai yi awo. Mutumin ya miƙe ya ce a bari, yana sauri, za su haɗu. Bai tambayi farashi ba, bai faɗi irin ɗinkin ba. A tsallaken titi wani na jiransa bisa babur, bai ma kashe injin ba.

Sha'aibu ya koma kan keke, ƙafa na taka, kai na wani wuri. Ashirin da uku na mene ne? A gidansu akwai abu ɗaya da ba a ƙirgawa da baki. Baffa Hassan in ka tambaye shi yawan shanu sai ya ce 'yan abin da Allah ya bari. Tun kakanni haka ake, wai ƙirga na jawo ido, ido na jawo asara. Shi kansa Sha'aibu da kala ya san su, ba da lamba ba. Ya fara bin su a zuci: jan sa, farar nan mai karyayyen ƙaho, baƙar da ta haifi tagwaye, 'yan maruƙa. Yana lanƙwasa yatsu ƙarƙashin tebur. Da ya kai ƙarshe sai allura ta shige masa yatsa, bai ma ji ba.

Washegari, Alhamis, Malami ya dawo. Bai gama buɗe kwaɗo ba Sha'aibu ya shigo masa, abin da bai taɓa yi ba, ya miƙa masa waya.

"Buɗe."

"Iye! Yau tela ya musulunta? Bari in kira jama'a su shaida."

"Malami, buɗe."

Malami ya dubi fuskarsa, ya haɗiye sauran maganar. Suka bi saƙonni baya. Kwana takwas da suka wuce Malama Safiya ta ba da aiki: kowane yaro ya ƙirga wani abu da ke gidansu har zuwa ashirin, ya faɗi sunansa da garinsu. Yaran birni suka ƙirga cokula, wani takalma, wata kwalaben lemo. Sai ga ta. Karo na farko ke nan Sha'aibu ya ga 'yarsa tana motsi cikin waya, sanye da rigar ragowar yadi, giɓi a baki, tsaye a bakin garke da sassafe. Tana nuna shanun ɗaya bayan ɗaya da ɗan kara. Ta kai ashirin ba ta tsaya ba. "Ashirin da ɗaya, ashirin da biyu, ashirin da uku! Sunana Nana Hauwa, jikar Inna Hauwa'u, gidanmu na bayan tsamiya." Wayar ta juya, ta nuna dangar kara, ta nuna ƙofar garke da aka tare da ƙaya kawai, ta nuna hanya.

Ƙarƙashinsa Malama ta sa taurari biyar, ta ce kowa ya kalla ya yi koyi.

Malami bai yi dariya ba. Ya shiga jerin mutanen guruf. Lamba saba'in da huɗu. Ya ce ai ba ƙofa gare shi ba, linki ne ake turawa, duk wanda ya samu ya danna ya shigo, shi kansa ya tura wa mutum ya fi goma. Suka bi su. Kowace lamba da hoton yaro, ko na uwa, ko na masallaci, kowace ta taɓa turo aiki. Sai guda ɗaya. Ba hoto, ba suna, ba ta taɓa cewa ko sannu ba. Amma duk bidiyon da aka turo daga ƙauye, tana cikin waɗanda suka fara buɗewa.

Suka kira Malama Safiya. Mutuniyar kirki ce, tsakani da Allah, a birni ta tashi, inda in ka ƙirga cokula ba abin da ke samun cokula. Da Malami ya yi mata bayani sai ta yi salati. Ta ce yanzun nan za ta goge, za ta fitar da lambar.

"Goge, Malama," in ji Malami. "Amma kwana takwas ke nan."

Suka koma neman Talatu. Waya ba ta shiga, don ba ta gindin tsamiya. Sha'aibu ya zauna bisa bencin Malami, tef a hannu yana naɗewa yana warwarewa. Sai dab da azahar kiran ya shiga. Talatu ta ɗauka da murna.

"Yaya! Ɗiyarka ta hi kowa. Har mataimakin Malama ya kira ta daban, yab ba ta aiki na manya."

"Wane mataimaki?"

Malami ya girgiza masa kai. Malama ita kaɗai take, ba ta da kowa.

"Wani mai murya mai daɗi. Yac ce ta ƙirga maza nawa ag garin, nawa ka zuwa Shagari ran kasuwa, wa ad da bindiga. Jiya tat tura. Duk ta ci! Yau da la'asar zai kira, yac ce ta hito ita kaɗai, hayaniyammu na hana shi ji. Jakar makaranta zai aiko mata."

Ranar kuwa kasuwar Shagari ke ci.

Sha'aibu ya miƙe tsaye. "Talatu, kada ki bar..." Sai ya tsaya. Wallahi ya tsaya. Sunan ya zo masa har haƙora, ga Malami, ga mutum biyu sun zo karɓar waya, sai harshe ya ƙi. "Kada ki bar... wannan... kada ki bari ta..."

"Mi? Yaya, ban ji ka, iska na..."

Layin ya yanke. Suka sake kira sau bakwai. Talatu ta koma cikin gida.

Sha'aibu bai ko kulle shago ba. Mutanen da suka gan shi a tasha sun ce ba su taɓa sanin yana da gudu ba. Motar Shagari ta tsaya jiran cikon mutum biyu, ta tsaya ɗaukar buhu a hanya, ta tsaya wata mata ta sauke akuya. Rana na ta yin ƙasa. A Shagari ya kutsa kasuwa har wurin da ake cinikin dabbobi, ya tarar da Baffa Hassan a inuwa yana cin goro. Ya duba kewayensa. Ga mijin Talatu, ga liman, ga maƙwabta. Mazan tunga kaf suna nan, kamar yadda yarinya ta ƙirga.

Ya durƙusa ya faɗi abin a gaggauce. Baffa ya tsayar da tauna.

"Ta ƙirga su? Da baki? Duniya na ji?"

"Baffa, ba shanun ba. Ita anka ce ta hito."

Tsoho ya tofar da goron, ya fara ƙwala wa mutanensa kira. Sha'aibu bai jira su haɗa kayansu ba, ya haye bayan ɗan kabu-kabu. Mai babur ya ce shi iyakarsa kwalbati, ko nawa za a ba shi, la'asar ta yi. Suka kama hanya. Dawa ta rufe hagu da dama, ta haɗe sama a wasu wuraren, ba ka ganin taku uku a cikinta. Ba su gamu da kowa ba. Ba mai jaki, ba mai itace, ko tsuntsu bai tashi ba. A kwalbati mai babur ya sauke shi, ya juya tun bai gama sauka ba. A cikin lakar gefen hanya Sha'aibu ya ga sawun taya, sabo, guda biyu. Sun yi dama.

Ya cire takalmi ya riƙe a hannu, ya zura da gudu.

Gindin tsamiya ba kowa. Littafi ne kawai bisa saiwa, an danne shi da dutse, da guntun fensir. Ya tsaya yana haki. Matan tunga suka fara fitowa, don wata ta hango namiji na gudu. Talatu ta zo da taɓarya a hannu, Inna Hauwa'u a bayanta tana dogara sanda.

"Ina take?"

"Yanzun ga tana nan," in ji Talatu. "Ko ta tahi tudun can? Jiya yac ce mata can ya hi sabis."

Tudun yana bayan gonar dawa, nesa da gidaje, inda hanyar shanu ta shiga daji. Talatu ta ga fuskar yayanta, ta saki taɓarya. "Nana! Nana!" Shiru. Wata mata ta kama, wata ta kama. Ganyen dawa kawai ke motsi.

Sha'aibu ya shiga bakin gonar. "Ke! Ke yarinya!" Muryar ta fita siririya, irin ta mai tambayar sauran mutanen gida. Ba amsa. Ya waiga. Uwarsa na tsaye taku biyar a bayansa, mai sunan, idonta a kansa. Ga matan gari goma sha wani abu, waɗanda suka san shi tun yana yawo ba wando. Can cikin dawa, nesa kaɗan, wani abu ya karya kara.

Ya cika ƙirji.

"Hauwa'u! Hauwa'u! Nana Hauwa'u!"

Mu da muka shekara goma sha biyar muna zaune da shi ba mu san yana da murya haka ba. An ce har shanu sun ɗaga kai a garke. Wata cikin matan ta rufe baki da mayafi. Ya sake, ya sake, har muryar ta tsage.

Sai dawa ta buɗe daga gefen da bai zata ba. Ga ta nan, ƙafa duk laka, waya a kunne, tana dubansa da mamaki.

"Baba, kai ka kirana?"

Ta ce ta ji kiran gwaggo tun ɗazu, amma mataimakin Malama ya ce in ana darasi ba a amsa kiran gida, ta ci gaba da tahowa, ta kusa. Wannan ne dai ba ta taɓa ji ba, shi ya sa ta dawo ta gani.

Ya damƙi hannunta, ya karɓi wayar. Kiran bai yanke ba. Ya kai kunne. Numfashi kawai. Sannan muryar nan mai ladabi, wadda ta zauna masa bisa benci.

"Tela. Ka iso ke nan. Aje mini shaddata. Ina nan zuwa awo."

Layin ya mutu. Can bayan tudu inji ya tashi, wani ya bi shi. Ba su yi sauri ba. Aka ji su suna nisa a hankali, kamar masu komawa gida daga ɗaurin aure, har ƙarar ta haɗe da ta baburan mazan tunga da ke tahowa daga kwalbati.

Saura abu ɗaya, kuma a wurin Sha'aibu bai fi na farkon sauƙi ba. Ɗan da aka ba kaka riƙo ba a zuwa karɓarsa. In ka karɓa, ka ce ke nan ba ta iya ba. Ya durƙusa gaban uwarsa a nan bakin gona, hannun yarinyar har yanzu cikin nasa, kansa a ƙasa.

"Inna. Zan tahi da ita."

Tsohuwa ta dubi yarinyar. Shekara biyar ke nan ita ke yi mata wanka, ita ke yi mata kitso, bayanta take kwana. Ta juya ta shiga gida. Matan suka dubi juna. Can ta fito da ƙullin kaya a tsohon zane, da allo, ta ɗora masa a hannu.

"Ka kira sunana gaban mata, ga ni ban mutu ba," ta ce. "Ɗauke ta. Tashi, rana na hwaɗuwa."

Mijin Talatu ya kai su Shagari a babur, wasu biyu na bin su. Yarinyar a tsakiya, uban a baya ya zagaye ta da hannu biyu, a gaban duk wanda ke da ido.

Washegari da sassafe Baffa Hassan ya kora shanun zuwa wurin dangi kusa da gari, yana tafe yana faɗan ƙirga. An kai magana wurin mai gari da wurin hukuma, an rubuta, an ce a sa ido. Inna ta ce ita ba inda za ta sai an yanke gero an sa a rumbu. Har yau tana can, kuma yanzu in baƙo ya zo daga tunga ita ce tambayar farko da ta ƙarshe. Malama Safiya ta rufe linkin nan, duk mai son shiga sai ta kira shi ta ga fuskarsa da ta yaron. Ta daina cewa a faɗi gari.

Nana Hauwa tana aji biyu a makarantar waya. Bisa bencin shagon ubanta take darasi, maɓallai take ƙirgawa. Kafin a tura kowane bidiyo sai Sha'aibu ya karɓa ya kalla sau biyu, ya duba abin da ke bayanta, ya duba abin da ke gefenta. Ta koya masa baƙaƙe har zuwa "ka", wai shi ba koyo yake ba, dubawa yake. Sunan kuwa bai sake fita ba, ya koma "ke". Malami ya gwada sau ɗaya.

"Tela, mi na ma sunan..."

"Ka ji shi. Har Shagari an ji."

Shaddar ruwan toka tana nan cikin baƙar leda, a saman kanta, bayan gwangwanin man keke. Malami ya ce a ƙone ta. Khadija ta ce a ba da ita sadaka can nesa. Sha'aibu ya ce kayan mutane ne, bai yanka ba, bai kuma yar ba. In kun je kai ɗinki za ku gan ta. Kuma in babur ya tsaya a tsallaken titi bai kashe inji ba, ku saurara. Keken zai yi tsit. Kan ba zai ɗago ba. Hannun hagu ne kawai zai bar yadi, ya lallaɓa gefen benci, har sai ya taɓa kan yarinyar.